Wata Uku A Gidan Alisabatu: Wa'azi A Kan Awon Ciki Da Aikin Ungozoma



Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara Ikilisiya takan rufe watan Uwarmu Maryamu da idin ziyarar da ta kai wa 'yar'uwarta Alisabatu. Bisharar ranar daga Luka take, sura 1, aya 39 zuwa 56. In an karanta ta, hankalinmu yakan tafi kan gaisuwar matan nan biyu, da motsin jinjiri a cikin uwarsa, da waƙar yabon da Maryamu ta rera, kuma daidai ne ya tafi can. Amma akwai wani ɗan lissafi a cikin labarin wanda nake so mu yi tare. Sa'ad da Mala'ika Jibra'ilu ya zo Nazarat, ya shaida wa Maryamu cewa cikin Alisabatu ya shiga wata na shida. Luka kuma ya ce Maryamu ta zauna a gidan kimanin wata uku. Shida da uku tara ke nan. Watau Uwar Ubangiji ta yi tafiyar kwana uku ko huɗu zuwa tuddan Yahudiya, ita ma da ƙaramin ciki, domin ta tsaya kusa da mace mai tsohon ciki a watannin da suka fi nauyi, har kwanakinta su cika.

Ku dubi halin da Alisabatu take ciki. Tsohuwa ce, ba ta taɓa haihuwa ba, wannan ne cikinta na fari. Da yau ne, kowace malamar asibiti ta gan ta za ta ce wannan ciki ne da sai an sa masa ido sosai. Mijinta Zakariya kuwa ya zama bebe tun ran da ya yi shakkar maganar mala'ika a Haikali; ko da wani abu ya taso da tsakar dare, ba shi da bakin kiran maƙwabta. Allah da ya ba ta cikin ta hanyar al'ajibi, da ya so, sai ya sauke ta ta hanyar al'ajibi ba tare da kowa a kusa ba. Amma ya aiko mata da mutum, mace 'yar'uwarta, wadda za ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta lura da ita dare da rana. Haka Ubangiji ya saba yin aikinsa: ta hannun mutane yake kiyaye rai.

A nan ƙasarmu, in muka ga mace da tsohon ciki mukan ce mata, "Allah ya sauke ki lafiya." Addu'a ce mai kyau. Amma kakanninmu da suka koya mana ita su ne kuma suka ce mace mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira. Sun faɗi haka ne domin sun sha binne mata matasa da jarirai a rana guda. Har yau ba a daina ba. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya. Arewa kuwa ita ce ta fi ɗaukar nauyin wannan asara. Ba na bukatar in kawo muku shaida daga nesa. Daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga Mawashi zuwa Yashe, da wuya a sami zuriyar da ba ta da maraya wanda uwarsa ta tafi ran da ya zo.

Abin da ya fi ciwo shi ne, an daɗe da sanin maganin yawancin wannan mutuwa, kuma a ƙasar Hausa aka tabbatar da shi. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, suka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano a fili yake: matan da suka yi awo tun cikinsu yana ƙarami, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka mutu, mutuwa ta taru ne a kan waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta gagara a gida aka kwaso su cikin gaggawa. Dukansu asibiti ɗaya suka zo, likitoci ɗaya suka duba su. Lokacin zuwan ne ya raba su. Shekaru arba'in ke nan da wannan bincike, amma har yanzu akwai gidajen da saƙonsa bai shiga ba.

To, mene ne awon nan da ake ta magana? Wasu maza suna zaton mata suna zuwa ne su yini a kan benci ana hira, a ba su ƙwayoyi ja da rawaya su dawo. Bari in bayyana abin da ungozomar asibiti take nema, domin wanda ya san amfanin abu ba ya raina shi.

Abu na farko da takan yi shi ne ɗaura awon jini a hannu. Akwai hawan jini da ciki kansa yake kawowa, yawanci bayan wata biyar, kuma mace tana iya ɗauke da shi tana daka, tana surfe, ba ta jin komai. In awo ya kai 140 bisa 90, an kuma ga alama a fitsari, ungozoma ta san jijjiga tana tafe. Wannan jijjigar, da mace za ta faɗi tana taune harshe, idanu su juye, wadda a ƙauye akan ce iska ce ko sammu, ciwo ne sananne, yana da allurar da ke tsayar da shi, kuma ana iya ganin zuwansa tun makonni kafin ya iso. Ƙaramar na'urar nan da ake ɗaurawa a dantse ita ce take hango shi. Ba wata tsohuwa, komai gwanintarta, da za ta iya ganin hawan jini da ido.

Sai ƙarancin jini. Ciki yana cin jini, sauro yana cin jini, abincinmu kuma a watannin bazara da farkon damina bai cika gina jiki ba. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita za ta kai ta kabari. Ƙwayoyin nan da ake rainawa su ne suke ƙara jini, kuma kullum ake so a sha su. Daga wata na huɗu akan fara ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, a kuma ce mace ta kwana cikin gidan sauro. Yanzu da ruwa ya fara sauka, wannan magana ta yau ce. Akan yi allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora, wanda a da yakan shiga ta cibiya ya kashe jariri kafin suna ko jim kaɗan bayansa. Akan gwada jini domin a san rukuninsa, ko za a bukaci ƙari, a kuma duba ƙanjamau da sauran cututtukan da uwa take iya shafa wa ɗanta, gama in an gano su da wuri akwai maganin da yake kare jaririn. In ciki ya tsufa, ungozoma takan shafa ta ji kwanciyar ɗan, ko da kai yake tafe, ko a gicciye yake, ko tagwaye ne, in da hali a yi hoton ciki. Daga nan ne za ta ce wa mace, ke kina iya haihuwa a ƙaramin asibitin garinku, ke kuwa lalle ki matso Babban Asibitin Kankiya, ko ma Katsina, tun naƙuda ba ta fara ba.

A da ana cewa zuwa huɗu ya isa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, watau cikin wata uku na fari, sauran kuma suna ƙara matsowa kusa da juna yayin da haihuwa take gabatowa. Na san takwas yana da nauyi ga matar da take zaune nesa da titi. Wadda ba ta iya takwas ba, kada ta ce tun da haka ne ta fasa duka. Ta je da wuri, ta kuma je a watannin ƙarshe.

A nan ne muke karo da kunya. Kunya ado ce ga ɗan Hausa, Kirista ko Musulmi, kuma ba ni da niyyar rushe ta. Amarya mai cikin fari ba ta faɗa, ba ta nunawa, ko uwarta sai dai ta gane da ido. Luka ma ya gaya mana Alisabatu ta ɓuya har wata biyar. Amma ɓuya daga idon jama'a da surutun bakin rijiya daban yake da ɓuya daga mai magani. Hausawa da suka koya mana kunya su ne suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗakin awo wurin wanka ne. Ku iyaye mata da surukai, ku ne za ku buɗe wa yarinya wannan ƙofa, domin ita ba za ta iya buɗe baki ta ce muku a kai ta ba. In kun ga alama, ku ɗauki mayafi ku ce mata tashi mu je. Haka kuma jarumtakar nan da ake yaba wa mace, a ce wance ta shiga ɗaki ita kaɗai, ba wanda ya ji ko tarinta sai kukan jariri: muna jin labarin waɗanda suka fito, waɗanda ba su fito ba kuwa ba su nan balle su ba da nasu.

Akwai kuma wata koyarwa da ta shigo cikin Kiristoci a shekarun nan, wadda dole in tsaya a kanta, domin da sunan Littafi Mai Tsarki ake yin ta. Za ka ji ana yi wa mace addu'a ana cewa za ta haihu kamar matan Ibraniyawa, ba likita, ba wuƙa, wadda kuma ta yarda aka yi mata tiyata, bangaskiyarta ce ta kasa. Mu buɗe wurin mu gani. Littafin Fitowa ne, sura 1, aya 15 zuwa 21. Fir'auna ya kira ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, ya umarce su su kashe duk ɗa namiji da Ibraniyawa suka haifa. Suka ji tsoron Allah, suka ƙi. Da ya tuhume su, sai suka kare kansu da cewa matan Ibraniyawa suna da ƙarfi, kafin ungozoma ta iso sun riga sun haihu. Wannan magana amsa ce da mata biyu suka ba azzalumin sarki domin su ceci jarirai, su kuma tsira da wuyansu. Ba a rubuta ta a matsayin alkawarin Allah ga kowace mai bi ba. In ma mun lura, labarin da kansa ya nuna mutanen Allah suna da ungozomomi, suna kiransu, kuma ungozomomin ne Allah ya sa wa albarka, ya ba su zuriya. Littafin bai ko ambaci sunan Fir'aunan ba, amma ya adana sunayen matan nan biyu har yau.

Wanda yake so ya ji yadda wata Ba'ibraniya ta haihu, ya karanta Farawa, sura 35. Rahila, matar da Yakubu ya yi wa bauta shekara goma sha huɗu, naƙuda ta kama ta a hanya kafin su kai Efrata. Ta sha wuya ƙwarai. Ungozoma tana gefenta tana ƙarfafa ta, amma a zamanin ba allura, ba ƙarin jini, ba tiyata. Ta haifi Biliyaminu, ta cika, aka binne ta a bakin hanya. Rahila ba ta rasa bangaskiya ba. Ta rasa abin da yau yake nan a tafiyar awa guda daga ƙofar gidajenmu. Littafin Sirak, sura 38, ya umarce mu mu girmama likita, ya ce daga wurin Maɗaukaki gwanintarsa take, Ubangiji ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa, mai hankali ba ya ƙyamarsu. Sa'ad da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Mutumin da aka gaya wa ƙugun matarsa ba zai fitar da ɗan ba, ya ce shi dai a ci gaba da addu'a a gida, a kan tsororuwar Haikalin nan yake tsaye, kuma matarsa yake turawa. Ku yi addu'a, ku yi Rosari, ku yayyafa ruwa mai albarka, ku kira Fada ya shafe ta da man marasa lafiya in ta jigata. Ku yi dukan wannan a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Yanzu gare ku, maza. Na ce Zakariya bebe ne a watannin nan. Shi mala'ika ne ya rufe masa baki. Mu kuwa muna da magidanta da yawa da suke zama bebaye in maganar ciki ta taso, ba tare da wani mala'ika ya taɓa su ba. Sukan ce wannan sha'anin mata ne. Amma kuɗin mota a aljihun wa yake? Izinin fita a bakin wa yake? In likita ya ce a sa hannu a takardar tiyata, wa ake jira? Masu binciken mutuwar mata sun ce jinkiri uku ne yake kashewa: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ƙarshen yana wuyan hukuma da ma'aikata, kuma za mu ci gaba da yi musu magana. Biyun farko a hannunmu suke. Zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. In aka ɓata awa ɗaya ana shawara da dattawa, aka ɓata ɗaya ana neman mai mota, an gama.

Saboda haka shirin haihuwa tun wata na bakwai ake yinsa. Ka ware kuɗi tun da kaka, ka ɗaure su daban, kada kuɗin taki ya cinye su. Ka yi magana da mai mota tun yanzu, ka riƙe lambarsa. Ka san wanda zai ba da jini in an bukata, kai ne na farko in jininku ya dace. Jarka ɗaya ta jini ba ta rage wa namiji ƙarfin noma, jiki yana mayar da ita. In gidanku yana bayan rafi, ka tuna rafin yakan cika a watan Agusta. Ka tuna kuma a shekarun nan tafiyar dare ta zama abin fargaba a wasu hanyoyin jiharmu. Wadda kwananta ya kusa, gara a kai ta wurin dangi a cikin gari ta jira. Al'adar goyon ciki, da akan mai da yarinya gidan iyayenta ta haihu, tana da hikima, amma a duba: gidan iyayen ya fi kusa da asibiti ko ya fi nisa? A kuma tafi da katin awonta.

Ga alamun da in an ga ko ɗaya ba a jiran gari ya waye: jini ya ɓalle, ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi mai zafi, ruwa ya fashe ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa. Naƙudar da ta fara da asuba har magariba ba a sauka ba, ta wuce aikin gida. Wanda yake so ya ga ƙarshen doguwar naƙuda, ya je Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata masu yoyon fitsari a 1984, wurin da yanzu ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Kan ɗa ne yake tokare ƙashin ƙugu kwana biyu ko uku, naman da ke tsakani ya mutu, ya huje. Yawanci ɗan ba ya rayuwa, uwar kuma ta koma gida tana yoyo, sau da yawa mijin da ya hana a kai ta asibiti shi ne yake fara gudunta. Da yawa daga cikinsu yara ne da aka aurar ƙugunsu bai gama girma ba. Ku bar 'ya'yanku mata su girma, su yi karatu, kafin ku karɓi sadaki. Mu kuma da muka yi alkawari a gaban bagade cewa za mu riƙe juna cikin lafiya da rashin lafiya, ba mu da hanyar sallamar mace domin ciwon da haihuwar ɗanmu ta jawo mata.

Game da ungozomomin gargajiya, ba zan yarda a wulakanta su ba. Yawancinmu da ke cikin majami'a yau, tsohuwar unguwa ce ta yanke mana cibiya, ta yi mana wankan fari, ta binne mabiyiya, ta tsaya wa iyayenmu har suka yi arba'in, ladanta kuwa ɗan hatsi da sabulu da naman suna. Mata sun amince da ita, kuma tana shiga inda malamar asibiti ba ta shiga. Amma iyayena, ku ma kun san iyakar hannunku. A al'adarmu ma sai ɗa ya faɗo ake kiranku. Ba ku da maganin jijjiga, ba ku da na zubar jini. Babban aikin da za ku yi wa Allah yau shi ne ku zama masu rakiya: ku san kowace mai ciki a unguwarku, ku tura ta awo, ranar naƙuda ku shiga mota tare da ita. Yankan gishiri kuwa a bar shi har abada. Reza ba ta buɗe ƙashi, sai dai ta huda mafitsara. A bar ɗura wa mace jiƙo domin naƙuda ta yi sauri, a bar kiran mai kemis ya yi allurar naƙuda a gida, gama allurar nan in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana fasa mahaifa. Bayan haihuwa ma a yi hattara da kunun kanwa da ruwa mai ƙuna. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Kanwa gishiri ce. Wadda aka ce tana da hawan jini ta nisance ta.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuka yi karatun aikin, ungozomomi da nas-nas da ma'aikatan lafiya na karkara, Ikilisiya ta san darajarku. A 1936 Fadar Paparoma ta ba sistoci izinin koyon aikin ungozoma da likitanci, abin da dokokin dā suka hana su, kuma a shekara mai biye, 1937, a nan Nijeriya Uwa Mary Martin ta kafa ƙungiyar sistocin da aka sani da Medical Missionaries of Mary, domin kula da uwa da jariri. Ranar 29 ga Oktoba 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi wa ungozomomin Italiya dogon jawabi, ya ɗauki aikinsu a matsayin aikin manzanci. Mun san kuna aiki cikin wahala, mutum ɗaya a kan mata masu yawa, wani lokaci da fitilar waya. Duk da haka zan faɗa muku abin da mata suke faɗa in sun fito: da yawa sun daina zuwa awo saboda tsawa. An yi wa wata dariya domin zanenta ya tsufa, an zagi wata domin ta haihu da yawa, an mari wata a kan gadon naƙuda. Macen da aka kunyata sau ɗaya ba ta dawowa, kuma za ta hana maƙwabtanta biyar. Shifra da Fu'a sun tsaya a gaban Fir'auna saboda tsoron Allah. Wannan tsoron ne zai sa ki sassauta murya ga baƙauyiyar da ta zo miki a makare, ko da ranki ya ɓaci. Ku riƙa neman sabon ilmi kuma. A 2023 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. An nuna cewa in aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a ga yawan jinin da ya zuba, aka kuma haɗa magunguna a ba da su tare nan take, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kashi 60 cikin 100.

Wani abu kuma da kowace ungozoma Katolika ya kamata ta sani: in jaririn iyaye Kiristoci ya zo yana bakin mutuwa, ba Fada ba katikis a kusa, kowa yana iya yi masa baftisma. A zuba ruwa mai tsabta a kansa ana faɗin kalmomin baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da niyyar yin abin da Ikilisiya take yi, daga baya a sanar da Fada domin a rubuta. Amma a fara da ceton numfashinsa, a share shi, a ɗumama shi a ƙirjin uwarsa. Ana iya yin duka biyun a lokaci guda.

Muna bukatar ƙarin ungozomomi daga cikinmu. Makarantar koyon aikin lafiya tana nan cikin garin Kankiya, ta ungozoma tana Malumfashi. Yarinyar da take da kai, ta gama sakandare, kada a zaunar da ita a gida ana jiran miji. Macen ƙauye ta fi sakin jiki da wadda take jin harshenta, ta san al'adarta. Mu Kiristoci 'yan kaɗan ne a wannan yanki, amma 'yarmu guda a ɗakin haihuwa za ta yi wa dubban maƙwabtanmu Musulmi hidima, kamar yadda 'ya'yansu suke karɓar haihuwar matanmu kullum, ba su tambayi addininsu ba. Dayosis ɗinmu na Katsina jariri ne shi ma, ranar 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Francis ya kafa shi, ya naɗa Bishof Gerald Mamman Musa makiyayinsa na farko. Ranar kuwa ta dace da idin Waliyyi Gerard Majella, wanda mata masu ciki a duniya duka suke neman addu'arsa. Ban ɗauki wannan dacewa da wasa ba.

Ina roƙon Zumuntar Mata a kowace majami'a, ƙarama da babba, ku zaɓi mata biyu masu riƙon asiri, waɗanda za su san kowace mai ciki a cikinmu, su tambaye ta katinta, su raka wadda ba ta da mai rakiya. Ku buɗe ɗan asusu na gaggawa, dabam da kuɗin anko da na biki, wanda za a iya ɗiba da tsakar dare ba sai an kira taro ba, a biya daga baya. Ƙungiyar maza ta rubuta sunayen masu mota da babur da waɗanda suka yarda su ba da jini, a ba katikis takardar. Katikis kuma su karanta wannan wa'azi a ƙauyukan da Fada bai samu zuwa ba, su maimaita alamun haɗarin nan sau biyu da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba. Ranar idin Ziyara, bayan Misa, za a sa wa mata masu ciki da ungozomomi albarka a gaban bagade. Wadda kunya ta hana ta fitowa gaban jama'a ta same ni a ofis, ita da mijinta.

Uwarmu Maryamu da Alisabatu Mai Tsarki su yi addu'a dominku. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa. Amin.